Wasiƙa kan ɗakin cin abincin da ɗalibaina suka zana

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Na daɗe ban rubuto ba, ka yi mini afuwa. Abin da ya riƙe ni shi ne zan ba ka labari, kuma akwai shawarar da nake nema a wajenka.

A zangon nan na ba 'yan ajina aiki: su zana wa makaranta ɗakin cin abinci da zai haɗu da lambu, yadda abin da ya fito daga wannan zai amfani wancan. Ranar farko kowa ya ɗauko kwali da almakashi, ana ta gardamar launin bango. Sai wata yarinya mai shiru-shiru ta ce kafin a zana komai, a fara auna abin da ake zubarwa. Muka aro sikeli, mako guda muna tsaye bakin bokitin shara, ɓawo gefe guda, ragowar faranti gefe guda. Na taɓa karanta musu rahoton hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) na 2011, cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya, wajen tan biliyan 1.3 a shekara, asararsa ake yi. Sun rubuta a littafi sun manta. Amma da suka ɗaga bokitin da hannunsu, wallahi sai jikinsu ya yi sanyi.

Daga nan zanen ya sauya. Wurin taki suka fara sa wa a takarda, sannan sauran ginin ya biyo baya. Sun gane cewa ragowar abinci in ta ruɓe a juji inda iska ba ta shiga, iskar metan take fitarwa, wadda ke ƙara ɗumamar yanayi. In kuwa aka gauraya ɗanyen ɓawo da busasshen ganye, ana juyawa, sai tulin ya yi zafi har ya kai digiri 60 a ma'aunin Celsius, ya zama taki. Da ka ga fuskarsu ranar da suka tura hannu cikin tulin gwajinmu suka ji ɗumi! Wani yaro cewa ya yi an zuba ruwan zafi ne da dare.

Wadda ta fi gyara mana aikin ita ce matar da ke shugabantar masu girki. Ta duba zanen ta ce, "Malam, kun sa takin dab da ƙofar kicin, ƙuda fa?" Ta ce nama da mai kada su shiga tulin, za su jawo ɓeraye. Ta nemi a sa famfo da wurin wanke ganye tsakanin lambu da kicin, don kada ƙasa ta shigo mata. Ba ɗaya cikinmu da ya yi wannan tunanin. Na ji daɗin yadda yaran suka yi tsit suna rubutawa.

Lissafin ruwa bai ba su wahala ba. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ke nan, don haka rufi mai murabba'in mita 100 zai tara kusan lita 1,000 daga ruwan milimita 10. Suka zana indararo da tanki, da hanyar zubar da ruwan farko mai ƙurar rufi. Fangalolin kuma suka kai su inda rana ke kai awa 6, aka tsara a riƙa juya wake da sauran shuka saboda naitirojin da yake ƙara wa ƙasa.

Inda ransu ya ɓaci shi ne da lissafi ya nuna lambun ba zai ciyar da makarantar ba, ko kusa. Na ba su labarin lambun da Alice Waters, wata fitacciyar mai girki, ta fara a wata makaranta a garin Berkeley na jihar Kalifoniya a Amurka a 1995, inda yara ke shukawa su kuma dafa da kansu a matsayin darasi. Ni a ganina, yaro ya ci karas ɗin da ya shuka ma ya isa dalilin yin lambun. Suka amince su tsaya kan ganye da kayan lambu masu saurin nuna, suka kuma buɗe manyan tagogi ta ɓangaren lambun, mai cin abinci ya riƙa hango shukarsa.

Abu biyu suka gagare mu. Wa zai yi ban ruwa a dogon hutu? Sai kuma ruwan wanke-wanke: yaran suna so a kai shi lambu, ni kuwa maiƙo da sabulun da ke ciki nake tsoro, musamman ga ganyen da ake ci ɗanye. Kai da ka san harkar ruwa, ka gaya mini ko tarkon maiƙo da matatar yashi sun wadatar, ko mu bar shi ga itatuwa kawai. Ka daure ka amsa kafin ƙarshen wata, lokacin za su gabatar da zanen gaban shugaban makaranta.

Ka gaida mutanen gida duka.

Naka,
Amininka