Kafin a kira mutanen Kano jahilai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da sauran ma'aikata, Allah ya ƙara basira.

Ni tela ne, shagona yana Fagge, kuma tun daga safe har in rufe ina taka keke ina sauraron tasharku. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shirinku na lafiya na makon jiya. Baƙon da kuka gayyato, wani likita, yana cikin bayani kan mashaƙo sai ya koma zamanin korona, ya ce jahilci ne ya hana mutanen Kano bin doka. Sau uku ya faɗi kalmar, na ƙirga, mai gabatarwa kuma bai ce uffan ba. Ina cikin waɗanda suka yarda da cutar korona tun farko, amma maganar ta sosa mini rai, domin ɗaya daga cikin jahilan da yake nufi yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Da aka sanar da mutum na farko da ya kamu a Kano, ranar 11 ga Afrilun 2020, na tattara ragowar ƙyallayen atamfa na fara ɗinka takunkumi. Ranar da na kai wa Yaya guda biyu a majalisa bayan isha'i, sai ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu, ya juya shi, ya ce, "Kai ma ka samu kasonka a kasuwar korona ke nan." Aka kwashe da dariya. Mun yi kusan wata guda gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Yaya yaron shago ne a Kantin Kwari, abin da ya samu yau shi za a ɗora a tukunya gobe. Gwamna Ganduje ya kulle gari a tsakiyar Afrilu, ranar 27 ga wata Shugaba Buhari ya ƙara mako biyu, ga azumi ya kama. An ce a zauna a gida, ba a ce ga abin buɗa baki ba. An ce a yawaita wanke hannu, alhali a layinmu sai 'yan garuwa sun shigo ake ganin ruwa. Ranakun da aka sassauta don a yi cefane kuwa, cunkoson kasuwa ya fi na jajibirin salla. Mai hankali in ya ga haka dole ya tambayi kansa ko masu dokar sun san yadda ake rayuwa a garin.

Akwai kuma abin da baƙonku bai taɓo ba ko da wasa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Asibitin Zana, gwajin da ya shafi yara kusan 200. Goma sha ɗaya sun rasu, wasu sun nakasa. Kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe su, aka yi ta shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Asibitin nan ba shi da nisa da shagona. Yaya bai karanta wannan a jarida ba, yana saurayi aka yi, a unguwarsu. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Tsoron nan yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a jihar nan a 2003, aka shafe watanni kafin a dawo da shi.

Sai mace-macen ƙarshen Afrilu. Duk wanda yake Kano a lokacin ya san ba a gama dawowa daga wata jana'iza ake kiran wata, yawanci dattawa. Masu haƙar kabari ne suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Bayanin da aka fara ba mu shi ne zazzaɓin cizon sauro ne, hawan jini ne, ciwon suga ne, sanƙarau ne. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mamata 979, kuma rabi ko fiye suna iya zama da alaƙa da korona. Yaya ya tare ni da wannan. Ya ce, "Jiya hukuma ta ce ba ita ba ce, yau ta ce ita ce. Wacce ka ce in bi?" Wallahi ban sami amsa ba.

Kada a ɗauka ina wanke mu ne. Mun yi namu shirmen. Samari sun yi ta rera "babu korona" suna ɗauka a waya, an je ƙwallo ana dariya, an ci mutuncin ma'aikatan lafiya da suke kwana a bakin aiki. Ni kaina ba zan ɗaga kai ba. A 2014, lokacin Ebola, wani ya kira ni cikin dare ya ce a yi wanka da ruwan gishiri kafin gari ya waye, na tashe yarana na yi musu, suna kuka. Ban tambayi wane likita ya faɗa ba, muryar wanda na sani ce kawai na ji. Haka saƙon murya na WhatsApp yake cin mutane: ƙanwarka ce ta turo, ita ma daga rukunin matan islamiyya ta samu, wa zai ce ta yi ƙarya? Da na yi allurar korona a 2021, Yaya sai da ya manna mini makullin babur a damtse, wai an ce wurin yana kama ƙarfe. Makullin ya faɗi ƙasa. An kuma ce duk wanda ya yi ba zai shekara biyu ba. Ga ni ina rubuta muku wasiƙa.

Abin da ya sassauto da Yaya ba alƙaluman da hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka take fitarwa kowane dare ba ne. Hoton Harami ya gani babu masu ɗawafi, ya ji an hana maniyyatan waje zuwa aikin hajjin shekarar. Limamin masallacinmu ya kawo hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla ko fita daga cikinsa, da yadda Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham. Sannan wata ma'aikaciyar jinya 'yar layinmu, wadda a gabansa ta girma, ta zauna a soron gidansa ta gaya masa abin da idonta ya gani. Ba ta raina tambayarsa ba. Haka aka ci shan-inna ma: sarakuna da masu unguwanni da malamai suka shiga gaba, matan unguwa suka bi gida-gida, har aka ayyana Afirka ta rabu da ita a watan Agustan 2020, muna tsakiyar musun korona.

Yanzu ga ƙorafina a kanku, Edita, kuma ka yi haƙuri. A Kano abin da aka ji a rediyo ya zauna. To, ana gama shirin likita sai ku saka mai maganin da kwalba ɗaya take warkar da basir da hawan jini da ciwon suga da sanyin mata, ya yi rabin awa ba mai tambayarsa komai, saboda ya biya kuɗin fili. Mai sauraro murya biyu ya ji daga tasha ɗaya. In ya zaɓi wadda ta fi daɗin baki, laifin ba nasa ba ne shi kaɗai.

Mashaƙo ta ci yara da yawa a jihar nan tun ƙarshen 2022, kuma tana da rigakafin da ake yi kyauta a asibitocin sha-ka-tafi. Ƙananan 'ya'yan Yaya biyu ba su cika katinsu ba, muna kan magana da shi a hankali. Roƙona ku dawo da likitan nan, ku buɗe layin waya, ku bar mutane su yi tambaya ba tare da an katse su ba, abin da hukuma ta yi kuskure a baya kuma a ce ta yi. Na gaya wa Yaya zan rubuto. Ya ce in dai an buɗe layi zai kira, kuma da maganar Asibitin Zana zai fara.

Naka mai sauraro,
Wani tela daga Fagge, Kano