Soriyasis ba kuturta ba ce, a taimaka a faɗa wa jama'a

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ƙanwata tana fama da ciwon fatar da likitoci ke kira soriyasis. Da hunturu ya shigo sai gwiwar hannunta da ƙeyarta su yi kauri, su yi fari fat kamar an barbaɗa toka, tana sosawa ɓamɓaroki na zuba kan tabarma. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ranar da mai kitso ta ɗaga mata gashi, ta ja baya ta ce ba ta taɓa kan kuturu.

Ciwon nan ba ya yaɗuwa ko kaɗan. Garkuwar jikin mutum ce ke rikicewa ta far wa fatarsa. Fatar lafiyayye tana ɗaukar kusan wata guda kafin ta sabunta, amma a nan cikin kwana uku zuwa huɗu sabuwa ta taso, tsohuwa ba ta zube ba, sai su taru su yi tudu. Littattafan Turai suna cewa wurin yakan yi ja. A baƙar fata kuwa duhu yake yi, shi ya sa aka daɗe ana ba ƙanwata maganin makero. Wasu har gaɓoɓinsu yake kamawa.

Masu bincike sun gano sinadaran da ke rura wutar, irin su IL-17 da IL-23, aka yi allurai masu toshe su. A 2022 Amurka ta amince da ƙwayar deucravacitinib, sannan kamfanin Johnson & Johnson ya yi gwajin wata ƙwayar mai suna icotrokinra a kan marasa lafiya, don a huta da allura. Na yi murna matuƙa, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka, kuma tunda suna rage garkuwa, ana duba tarin fuka kafin a fara, ciwon da muke da shi da yawa.

Mu dai wani magani mai suna methotrexate ne ya taimaki ƙanwata, tare da gwajin hanta a kai a kai. Kafin nan man shafawa mai sitiroyid na kanti ya kusa illata ta: yana kwantar da abin, da ta daina sai ya dawo ninki biyu.

Don Allah ranar 29 ga Oktoba, ranar soriyasis ta duniya, ku gayyato likitan fata gidan rediyonku ya yi bayani da Hausa, ku buɗe layin waya. Masu kitso da wanzamai suna sauraronku.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya