Wasiƙa daga Kumasi

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da Inna da su Yaya Babba da yara. Ni ma lafiya lau, aiki na tafiya a garejinmu na Suame Magazine, alhamdu lillahi.

Saƙonka ya iso cewa za ka cire jak ɗin da ke ɗaga bodi daga tsohuwar tifar marigayi Baba, ka mai da ita motar ɗaukar buhuna. Shawara ce mai kyau, domin nan ma haka ake yi wa masu jigilar albasa da doya. Amma don Allah, Yaya, kada ka bar wa yaran gareji aikin nan su kaɗai. Ka tsaya a kai da kanka.

A sauke bodin ya zauna daram kan shasi, a kashe inji, a motsa libar jak gaba da baya har ƙarfin man jak ɗin ya mutu, sannan a taɓa tiyo. Man nan idan yana matse, tsartuwarsa na huda fata, kuma ciwon da ido zai raina yana iya kai mutum ga rasa yatsa. In dole sai an ɗaga bodi, a tokare shi da ƙarfe mai kauri. Kada kowa ya sa kansa a ƙarƙashi yana dogaro da jak, ko na minti ɗaya ne. Wannan shi ne abin da ya fi damuna.

A tsiyaye man a durum. Idan an kwance famfon man jak da abin da ke juya shi daga jikin giya, a rufe gurbin da faranti da gasket, in ba haka ba man giya zai zube a hanya. Jak ɗin kuwa da sarƙa ake sauke shi, ba da hannu ba.

Sai ƙarafunan da ke riƙe da shi. Mai walda zai ce a yanke da wuta don sauri. Kada ka yarda. Zafi na raunana shasi, wata rana ya tsage da kaya a kai. Notin da ya yi tsatsa a jiƙa shi da mai ya kwana, ribit kuma a goge kansa da giranda a buge shi ya fita.

Kada ka sayar wa 'yan gwangwan da jak da famfon a kilo. Ka kai kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, masu tifa za su saya da daraja.

Ƙarshen wata zan aiko da nawa gudummawar kuɗin aikin, in sha Allahu. A gaida Inna, ta ci gaba da sa mana albarka.

Ƙaninka.