Barka da Sallah daga Lisbon, da amsar tambayar Yaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yaya da Anti Binta da dukkan mutanen gida, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan an yi Sallah lafiya. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana, ya jiƙan magabatanmu. Mu nan lafiya ƙalau, sai kewarku. Mun yi Idi a babban masallacin Lisbon, an cika maƙil, mutanen Gine-Bisau da Mozambik da Bangaladash da Maroko, kowa da irin shigarsa. Ba a ba da hutun Sallah a ƙasar nan, don haka ana sallamewa aka yi musabaha kowa ya kama gabansa.

Yaya, na ji saƙon muryar da ka turo cikin azumi, cewa ritaya ta matso, kuma kana tunanin ku tattaro kai da Anti ku dawo kusa da mu, tunda ka ji an ce Fotugal akwai araha kuma suna karɓar masu fansho. Ban amsa a waya ba saboda magana ce da take son zama. Allah ya sani babu abin da zai faranta mini rai kamar in buɗe ƙofa in gan ku. Amma ina so ka ji lissafin daga bakin ƙanwarka, ba daga bakin masu bidiyon da suke nuna farashin kofi da bakin teku ba.

Gaskiya ne akwai bizar. Sunanta D7, an yi ta ne don masu kuɗin shiga da ba sai sun yi aiki ba, kamar fansho ko kuɗin hayar gida. Abin da suke so ka nuna shi ne kana samun daidai da mafi ƙarancin albashin ƙasar, wanda a shekarar 2025 ya kasance Yuro 870 a wata. Matar aure ana ƙara rabin wannan, kenan ku biyu Yuro 1,305. Galibi kuma ana so a ga na shekara guda ajiye a bankin nan, wato Yuro 15,660. Akwai lambar haraji da za ka buɗe, da takardar shaidar ba ka taɓa laifi ba, da inshora, da shaidar wurin zama, wadda yawanci yarjejeniyar haya ce ta shekara. Ka lura da wannan na ƙarshe: za ka fara biyan haya a gidan da ba ka shiga ba, kana jiran bizar da ba ka da tabbacin za ta fito.

Idan ka duba wasu ƙasashe za ka ga dalilin da ya sa ake yabon Fotugal. Sifaniya tana neman Yuro 2,400 a wata ga mutum ɗaya, da ƙarin 600 ga iyali, kuma ba a yarda ka yi aiki ba. Tailan tana son ka kai shekara 50, ka ajiye bat 800,000 a banki ko ka nuna bat 65,000 duk wata, sannan duk kwana 90 ka kai rahoton inda kake zaune. Fanama da Kosta Rika fanshon Dala 1,000 suke nema. To amma duk waɗannan alƙaluma kuɗin ƙofa ne. Gwamnati tana gaya maka abin da za ta bar ka ka shigo da shi, ba abin da zai riƙe ka ba. Ɗan ƙasa mai albashin 870 yana zaune ne a gidan da ya gada, ko ya kama haya tun shekarun baya da ba a tsawwala ba, ko yana raɓe wajen iyayensa. Kai baƙo daga farashin yau za ka fara.

Haya ita ce uwar tafiya. A cikin Lisbon da wuya ka samu ɗaki da falo mai mutunci ƙasa da Yuro 1,000, kuma mai gida zai nemi wanda zai tsaya maka ɗan ƙasa, in babu ya ce ka ajiye kuɗin wasu watanni gaba. Ka cire wannan daga 1,305 ka ga abin da ya rage na wuta da ruwa da waya da cefane da magani. Za a ce maka ka shiga cikin ƙasa, irin su Gwarda ko Kastelo Branko ko Fortalegre, kuma lallai can haya ta sauka sosai. Sai dai abin da ka rage a haya za ka biya shi ta wata ƙofar: sai da mota, babban asibiti da nisa, mai jin Turanci ƙalilan, masallacin Juma'a ma sai an yi tafiya. Ba na ganin Anti za ta jure zaman garin da za ta yi mako ba ta yi hira da kowa ba sai kai.

Sufuri kam akwai sauƙi, ba zan ɓoye ba. Katin wata na yankin Lisbon gaba ɗaya Yuro 40 ne, ka hau bas da jirgin ƙasa da na ruwa son ranka, wanda ya kai shekara 65 kuma rabi yake biya. Cefane ma idan mutum yana girki a gida ba ya gagara.

Abin da ba wanda yake faɗa shi ne sanyin cikin ɗaki. Ana tallar ƙasar nan da rana, amma yawancin tsofaffin gidaje ba a gina su da abin ɗumama ɗaki ba, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu danshi yake shiga bango har ya yi baƙi. Akwai wani dattijo Bature ɗan Ingila a benen da ke ƙasanmu, tsohon direban bas, shi kaɗai yake zaune. Ranar da na kai masa wasiƙarsa da aka jefa a akwatinmu, na same shi a falo da babbar rigar sanyi da hula da bargo a gwiwa, hita na gefe a kashe. Ya nuna mini takardar kuɗin wuta da ya manna a jikin firiji, ya ce awa biyu yake kunnawa da dare, sauran sai haƙuri. Mutumin da ya baro Ingila don gudun sanyi kenan.

Shi ne kuma ya ba ni labarin canji, wanda a ganina ya fi haya haɗari, domin haya kana ganinta, canji kuwa kana barci yake yi maka ɓarna. Kafin ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a Yunin 2016, Fam ɗaya tana ba shi kusan Yuro 1.30. Kafin Oktoban shekarar ta faɗo ƙasa da 1.15. Ba a rage masa ko kwabo a fansho ba, amma sama da kashi goma cikin ɗari ya tafi, mai gida kuwa Yuronsa yake so cif. Ya ce shi ma ya gode, don da Kanada ko Ostireliya ya koma, gwamnatin Birtaniya ba ta yi wa mazauna can ƙarin fansho na shekara-shekara, abin da aka fara biyanka da shi a kansa za ka tsufa. Wannan fa Fam ce, mai ƙarfi. A Masar, cikin Maris na 2024, kuɗinsu ya faɗi daga kusan 31 a Dala ɗaya zuwa kusan 50 a yini guda. Duk Bamisiren da ke cin fanshonsa a waje ya wayi gari sama da kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa ya narke. Kai ma ka san halin kuɗin da za a riƙa biyanka da shi, ba sai na yi dogon bayani ba. Ga kuma ladan turowa da bankuna ke yanka duk wata.

Ƙasar da ka koma ma tana iya juya maka. Waɗanda suka kwarara Turkiyya don araha sun ga hauhawar farashi ta haura kashi 85 cikin ɗari a Oktoban 2022, masu gidaje suka bi su da ƙarin haya. Malesiya a 2021 ta ɗaga kuɗin shigar da take nema daga masu zuwa zama daga ringit 10,000 zuwa 40,000 a wata. Nan Fotugal akwai tsarin da ke karɓar harajin kashi 10 kawai a kan fanshon waje, an rufe shi ga sababbin zuwa a 2024. Yanzu in ka wuce kwana 183 a shekara ka zama mazauni a wajen masu haraji, kuma za su tambayi duk abin da kake samu ko daga ina yake.

Sai maganar lafiya, wadda ita ce na fi sani tunda a gidan kula da tsofaffi nake aiki. In ka samu takardar zama kana da damar asibitin gwamnati, kuma kusan kyauta ne, likitocin ma sun san aiki. Matsalar layi ce. Fiye da mutum miliyan ɗaya a ƙasar nan ba su da likitan iyali, ganin ƙwararre kuma yakan ɗauki watanni. Shi ya sa mutane ke haɗawa da inshora mai zaman kanta, ita kuwa kuɗinta da shekaru yake hawa, wasu kamfanonin ba sa ɗaukar sabon mutum in ya manyanta, ciwon da ka zo da shi kuma, irin hawan jini da sukari, sukan cire shi. Haƙori da tabarau yawanci daga aljihu ne. Kada ka ɗauka mu kaɗai abin ya shafa: Ba'amurke ma in ya bar ƙasarsa inshorar tsofaffinsu ba ta bin sa waje.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ba a sa wa farashi sai an rasa shi. Yau idan ƙafarka ta yi ciwo, akwai yaron da zai karɓo magani, da wanda zai tuƙa ka, da wadda za ta kwana da Anti a asibiti. A nan kowane ɗaya daga cikin waɗannan aiki ne da ake biya da awa. Gado ɗaya a gidan tsofaffi mai zaman kansa ya zarce mafi ƙarancin albashin nan nesa ba kusa ba. Akwai wata tsohuwa Bajamushiya da nake yi wa wanka, ta zo ƙasar da mijinta suna da ƙarfinsu, ya rasu, yanzu mantuwa ta kama ta har Fotugis ɗin da ta koya ya gudu, sai Jamusanci take yi mana, mu kuma ba ma ji. Da hannu muke gane tana son ruwa. Ɗanta yakan zo daga Jamus in ya samu hutu. Ni da Abban Amira za mu tsaya muku iya ƙarfinmu, wannan ba abin tambaya ba ne, amma dukanmu aikin kwana da wuni muke yi, kuma ba zan yi maka alkawarin da zan kasa cikawa ba.

Ka sa kuɗin jirgi a lissafi. Aure zai taso, rasuwa za ta faru, ba za ka iya zama ba, kuma tikitin gaggawa na mutum biyu yana cinye ajiyar watanni. Ba kuma za ka je ka miƙe ƙafa ba, don mai takardar zama ta wucin gadi in ya yi wata shida a jere a waje ba dalili, yana iya rasa ta.

Ga shawarata, in ka yarda. Kada ka sayar da gida, kada ka taɓa garatuti. Ku nemi bizar ziyara, tana ba da har kwana 90 cikin 180, ku zo a Janairu, lokacin da garin ya fi muni, ba lokacin da ake ɗaukar hoto ba. Zan aiko da takardar gayyata, ɗakin Amira yana nan. Ka zo da littafi ka riƙa rubuta duk abin da aka kashe, har maganinku mu je kemis mu tambayi farashinsa ɗaya bayan ɗaya, mu zaga mu ga gidajen haya da idonmu. Daga nan ka canza fanshonka zuwa Yuro, ka zabge kashi ɗaya cikin uku, ka ga ko ragowar zai ɗauke ku. In ya ɗauka, bismillah, ni zan fara neman gida. In bai ɗauka ba, zuwan wata uku duk shekara ma zama ne, kuma ya fi sauƙi a aljihu da jiki.

Kafin nan ka turo mini hoton takardun magungunan da kuke sha, kai da Anti, da ranar da fasfonku zai ƙare. Na tura ɗan goron Sallah ta hannun Usman, a raba wa yara, ba yawa. Amira tana gaishe ku, ta ce a faɗa wa Anti ta iya karatun da ta koya mata. A gaida Inna da kyau, a ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. Abban Amira yana miƙa gaisuwa ga kowa da kowa.

Wassalam.

Ƙanwarku,
Hadiza