Hirar masu ciwon suga: a riƙa tayar da zancen faɗuwar suga, kuma a faɗi lamba daidai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu yi magana kan hirar da masu ciwon suga suke yi a tsakaninsu, a kan benci wajen jiran likita, a waya, da duk inda biyu suka haɗu. Hirar nan tana da amfani ƙwarai. Mai ciwon suga yana ganin likita na 'yan mintoci ne a wata ɗaya ko wata uku, sauran kwanakin kuwa daga shi sai ciwonsa, kuma abin da ɗan'uwansa mai irin lalurar ya gaya masa shi yake riƙewa. Abin da ke damun mu shi ne kusan duk hirar a kan hawan suga take ƙarewa: me za a ci, me za a sha ya sauka. Faɗuwar suga kuwa, wadda take iya kayar da mutum cikin mintoci, ba a cika tayar da zancenta ba, in ma an tayar sai a bar shi babu lamba babu ƙa'ida.

Tun daga lambar ake fara samun matsala. Wani ya ce yau ya samu bakwai, ɗan'uwansa ya ce shi 126 ya samu, sai hankalin mai 126 ya tashi, alhali sugan jininsu ɗaya ne. Na'urorin gwaji iri biyu ne. Wata tana auna da mg/dL, wata da mmol/L, kuma ana ninka lambar mmol/L sau 18 ne a samu ta mg/dL. Kowa ya duba fuskar na'urarsa, ma'aunin yana rubuce da ƙananan haruffa kusa da lambar. Haɗarin a bayyane yake: wanda ya ji an ce ƙasa da 70 faɗuwa ce, ya ga 9 a na'urar mmol/L, zai ruga ya sha sukari, alhali 9 ɗin nan 162 ce. Mafi muni shi ne wanda ya saba da ƙananan lambobi ya ari na'urar wani, ya ga 60, ya ɗauka suga ya yi tashin gwauron zabi, ya ƙara magani a kan suga da ya riga ya faɗi. Don haka duk wanda zai faɗi lamba a hira, ya haɗa da ma'auninta da lokacin da ya gwada. Ga yawancin manya, abin da ake nema kafin cin abinci shi ne 80 zuwa 130 mg/dL, wato 4.4 zuwa 7.2 mmol/L, sannan ƙasa da 180, wato 10, awa biyu bayan fara ci. Tsofaffi da masu ciwon ƙoda da masu juna biyu, likita yakan ba su tasu iyakar daban, shi ya sa lambar wani ba ta zama mizanin wani.

Ana cewa suga ya faɗi idan ya yi ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9. Ƙasa da 54, wato 3.0, ƙwaƙwalwa ta fara rasa abincinta. Alamun farko su ne rawar hannu, zufa mai sanyi, faɗuwar gaba, yunwa mai ƙwaƙular ciki da jiri. In ya ci gaba sai gani ya yi dishi-dishi, harshe ya yi nauyi, mutum ya riƙa faɗa ba dalili. Za ka ga dattijo mai natsuwa yana kiciniyar buɗe murfin kwalba ya kasa, goshinsa sharkaf da zufa, ana tambayarsa yana ba da amsar da ba ta da kan gado. Na kusa da shi sukan ɗauka fushi ne ko gajiya, su bar shi ya kwanta. Wannan kwanciyar ce abin tsoro.

Ba kowane magani ne yake jawo haka ba. Metformin shi kaɗai da wuya ya kayar da suga. Masu yi su ne allurar insulin, wato sinadarin da yake saukar da sugan jini, da ƙwayoyin da suke matsa wa jiki ya fitar da insulin, irin su glibenclamide da glimepiride da gliclazide. Dalilan kuma sanannu ne: an sha magani ba a ci abinci ba, ko an jinkirta ci, ko an yi aikin ƙarfi fiye da yadda aka saba, ko ƙoda ta yi rauni magani yana daɗewa a jiki. Aikin ƙarfi yana iya kayar da suga sa'o'i da yawa bayan an gama, har cikin dare. Wanda yake farkawa da ciwon kai da zanin gado jiƙe da zufa, ya saka ƙararrawa ya gwada wajen ƙarfe biyu ko uku na dare, kwana biyu ko uku, ya kai wa likita lambobin. Masu shan wasu magungunan hawan jini irin su propranolol da atenolol su sani cewa suna iya ɓoye rawar jiki da bugun zuciya, sai zufar kaɗai ta rage a matsayin alama.

Maganin faɗuwa a gida yana da adadi. A sha giram 15 na sukari mai saurin shiga jini: babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, ko ƙaramin cokali uku zuwa huɗu a narka cikin ruwa, ko rabin kofi na lemon kwalba mai sukari. A jira minti 15 a sake gwadawa. In har yanzu yana ƙasa da 70 a maimaita. Da ya dawo, in lokacin cin abinci da saura, a ci wani abu mai riƙe ciki, domin sukarin da aka sha ba ya daɗewa. Kurakurai uku muke yawan gani a nan. Na farko, a ba mutum lemon da aka rubuta babu sukari a jikinsa, wanda ba zai yi komai ba. Na biyu, a ba shi cakulan ko wani abu mai maiƙo, shi kuma mai yana jinkirta shigar sukari. Na uku, tsoro ya sa a yi ta ɗura masa zaƙi har suga ya haura 300. Idan kuwa mutum ya suma ko ba ya iya haɗiya, kada a zuba masa komai a baki, zai iya shiga huhu. A kwantar da shi ta gefe, a yi masa allurar glucagon, mai ɗaga suga cikin gaggawa, in akwai, a garzaya asibiti. Wanda glibenclamide ya kayar, musamman tsoho, ko ya farfaɗo a gida a kai shi asibiti, domin maganin yana nan a jiki kuma sugan yana iya sake faɗuwa har washegari. Direba kuma ya gwada kafin ya kama sitiyari. In ya ji alama a hanya ya faka nan take, kuma bayan suga ya dawo ya ba ƙwaƙwalwarsa kamar minti 45 kafin ya ci gaba.

A hira ana yawan jin wani yana cewa shi ba ya buƙatar gwaji, jikinsa yana gaya masa. Gaskiya ne ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan ciwon jiki yana ruɗin mai shi. Wanda sugansa ya daɗe a sama yakan ji alamun faɗuwa tun yana 100, wanda kuma yake yawan faɗuwa jikinsa yakan daina ba shi gargaɗi gaba ɗaya.

Gwajin shi ma sai an yi shi daidai. A wanke hannu da sabulu a tsane shi sarai, domin ɗan zaƙin 'ya'yan itace da ya rage a yatsa yana iya ɗaga lambar sosai, ruwan da bai bushe ba kuma ya rage ta. A huda gefen kan yatsa, ya fi ƙarancin zafi, kuma kada a matse yatsan da ƙarfi. Sitirif ɗin gwaji, wato ɗan siririn abin da ake sa wa ɗigon jini, ba ya son zafi da laima: a rufe robarsa da zarar an ciro ɗaya, a duba ranar ƙarewar aikinsa. Na'ura mai kyau ma tana iya kaucewa da kusan kashi 15 cikin ɗari, don haka bambanci tsakanin 140 da 150 a gwaji biyu a jere ba abin tayar da hankali ba ne. In lamba ta saɓa da yadda kake ji, wanke hannu ka sake.

Sai insulin, wanda ƙananan kurakurai a kansa suke da tsada. Wanda ba a buɗe ba a ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, nesa da wurin ƙanƙara. Insulin da ya daskare ya mutu, ko da ya narke daga baya. Wanda aka fara amfani da shi, yawanci kwana 28 yake yi a wurin da bai kai digiri 30 ba, don haka a rubuta ranar buɗewa a jikin kwalbar, kuma kada a bar shi a mota ko a rana. Mai launin madara a murza shi a hankali tsakanin tafin hannu har ya haɗu, ba a girgiza shi. Wanda asalinsa garau yake, in ya yi duhu ko gudaji a jefar. Abu mafi haɗari shi ne sirinji. Akwai insulin U-100 akwai U-40, lambar tana nuna ƙarfinsa ne, wato yawan yunit a kowane mililita ɗaya, kuma kowanne da sirinjinsa. Wanda ya ja U-100 da sirinjin U-40 zuwa layin 10, ya ɗura wa kansa yunit 25, ninki biyu da rabi ke nan. A duba lambar da ke jikin kwalba da ta jikin sirinji duk lokacin da aka sayo sabo. Masu amfani da biron insulin su fitar da yunit biyu a iska kafin kowace allura, su ƙirga goma kafin su zare. A riƙa sauya wurin allura da faɗin yatsa ɗaya aƙalla. Wurin da aka nace wa yakan yi tauri kamar ƙullutu, ba ya zafi shi ya sa ake son sa, amma insulin ba ya shiga jini daidai daga nan. Ranar da aka koma lafiyayyar fata da adadin da aka saba, suga yana iya faɗuwa, saboda haka a yi wannan sauyin da sanin likita.

Wata shawara da take yawo, kuma muna roƙon a daina yaɗa ta, ita ce wai ranar da mutum ba shi da lafiya ba ya cin abinci ya ajiye insulin. Zazzaɓi da kowace irin cuta suna ɗaga suga ko ba a ci komai ba, kuma mai nau'in ciwon suga na ɗaya, wanda jikinsa ba ya samar da insulin, in ya tsayar da allurar yana iya shiga mawuyacin hali cikin yini guda. A irin ranar a riƙa gwaji duk bayan awa uku ko huɗu, a yawaita shan ruwa, a tuntuɓi likita kan adadin. Metformin da magunguna irin su empagliflozin da dapagliflozin su ne ake yawan dakatarwa idan ana amai da gudawa, shi ma da shawarar likita. Idan suga ya tsaya sama da 250, wato kusan 14, ga amai ba ƙaƙƙautawa, ga ciwon ciki, ga numfashi mai zurfi da sauri, ko na'ura ta nuna HI, wato suga ya wuce abin da take iya aunawa, zancen gida ya ƙare, sai asibiti.

Muna kuma ba da shawarar duk mai amfani da insulin ko waɗancan ƙwayoyin ya riƙa yawo da ɗan ƙullin sukari da kati a aljihu. A jikin katin a rubuta cewa yana da ciwon suga, sunan maganinsa da adadinsa, lambar wayar wanda za a kira, da layi ɗaya: in na rikice amma ina iya haɗiya a ba ni sukari, in na suma kada a zuba mini komai a baki. Ya nuna wa mutanen gidansa da abokan aikinsa inda ƙullin yake tun yana lafiya lau.

Mun gode, Malam Edita. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Daga wasu ma'aikatan lafiya masu kula da masu ciwon suga