Godiya ga sashen zuciya da ya yi wa Baba aikin balan-balan

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe babban likita, da ma'aikatan jinya na ɗakin aikin zuciya, a madadin iyalanmu nake miƙa muku wannan godiya a bainar jama'a.

Baba ya zo hannunku yana haki ko daga ɗaki zuwa masallacin ƙofar gida. Kuka gano bawul ɗin, wato 'yar ƙofar da jini ke bi daga zuciya zuwa babbar jijiya, ya ƙanƙance, bai kai santimita murabba'i 1 ba, alhali na mai lafiya yakan kai 3 zuwa 4. Jikinsa kuma a lokacin ba zai ɗauki tiyatar buɗe ƙirji ba. Sai kuka ce za a zura balan-balan ta jijiyar matsematsi, a hura shi a cikin bawul ɗin don ya faɗaɗa.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne jin cewa da gangan za ku sa zuciyar tsoho ta riƙa bugawa wajen sau 180 a minti. Likita, ba ka yi mana gaggawa ba. Ka zaunar da mu ka zana a takarda: idan zuciya na tura jini da ƙarfinta, za ta ture balan-balan daga inda aka saita shi, har ya iya yin ɓarna. Shi ya sa ake zura siririyar waya zuwa ɓangaren dama na zuciya, a hanzarta bugun har ta kasa cika da jini, awon jini ya sauka, a hura balan-balan, a sace iskar, a kashe na'urar da ke hanzarta bugun. Duka cikin daƙiƙu kaɗan. Kun ma gaya wa Baba zai iya jin jiri, don haka da ya ji bai firgita ba.

Na fi gode muku kan gaskiyar da ba ta da daɗin ji. Kun ce wannan aiki, wanda Farfesa Alain Cribier ya fara yi wa manya a Rouen ta Faransa a 1985, sauƙi ne na ɗan lokaci, domin a tsofaffi bawul kan sake tsukewa cikin watanni 6 zuwa 12. Da kun yi shiru da mun ɗauka an gama. Yanzu muna shirin sauya bawul ɗin, Baba kuwa ya koma sallar jam'i da ƙafarsa.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa hannuwanku albarka, Ya jiƙan magabatanku.

Taku,
babbar ɗiyarsa