Wasiƙa zuwa ga 'yata kan haƙoran goyonta

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan angona. Mu nan lafiya lau, Babanki yana gaishe ku.

Saƙonki ya iso, na ji yaro ya tsiro haƙora biyu a ƙasa, yawu na ta dalala, duk abin da ya kama sai baki. Barka da arziki. Wata bakwai daidai lokacinsa ne, domin yawanci daga wata shida ake fara ganinsu, na ƙasa su riga, na sama su biyo baya. Wani yaron ma sai ya kusa shekara, kuma ba ciwo ba ne. Abin da ya sa na zauna rubutu maimakon in kira ki shi ne maganar da kika rufe da ita, wai ai waɗannan zubewa za su yi. Ni ma na faɗi haka da bakina, kuma yayanki ne ya sha wahalar maganar.

Ke kina ƙarama lokacin, shi yana shekara 8. Turminsa na can ƙurya ya yi baƙin kogo, da dare sai ya dafe kunci yana juyi a kan tabarma. Ni kuwa ina cusa masa kanumfari ina rarrashinsa, ina cewa famfara yake yi, zai fita da kansa. Sai da kuncin ya kumbura kamar ya ƙunsa goro sannan muka nufi asibiti. Likita yana leƙawa ya ce mini wannan ba haƙorin yarinta ba ne, na dindindin ne. Ashe turmin farko na girma yana fitowa ne wajen shekara 6, a bayan dukkan haƙoran yarinta, ba tare da wani ya faɗi ya ba shi wuri ba. Shi ya sa yake shigowa shiru, iyaye ba su sani ba. Cire shi aka yi, kuma har yau da gefe ɗaya yayanki yake tauna nama.

Ranar likitan ya ɗaga hoton muƙamuƙinsa a haske ya nuna mini, ban taɓa mantawa ba. Haƙora hawa biyu na gani. Turamen yarinta sun buɗe saiwoyinsu, a tsakiyar kowanne ga sabon haƙori a kwance, kamar kaza ta rufe ƙwai. Tun daga nan na daina kunyar tambaya, kuma abin da na koya ne nake ba ki.

Haƙoran da kike gani yau ba yau suka soma ba. Tun kina da cikin wajen mako shida tushensu ya fara haɗuwa, wajen wata huɗu suka fara tauri. Gaba ɗayansu 20 ne: takwas na gaba, fiƙa huɗu, turame takwas, kuma zuwa shekara biyu da rabi ko uku za su cika. Na babba 32 ne, in an haɗa da haƙoran hankali huɗu da ke zuwa tsakanin shekara 17 da 25, wasu mutanen ma ba sa fito musu. Amma bambancin da ya fi damuna ba na yawa ba ne. Farin rufin nan mai tauri da ke kare haƙori, a na yaro siriri ne, kusan rabin na babba. Ɗakin da jijiya da hanyoyin jini suke a ciki kuma ya fi girma in aka gwada da jikin haƙorin. Saboda haka ɗan ɗigon da babba zai daɗe da shi kafin ya ji zogi, a bakin yaro nan da nan yake cin hanya ya kai jijiya.

Kin tuna ranar da haƙorinki na farko ya faɗi? Kika kawo mini shi a tafin hannu, ɗayan hannun kin toshe baki kada ƙadangare ya ga wawulo, kina tambaya me ya sa ba shi da saiwa. Yana da ita, doguwa ma. Sabon da ke tasowa a ƙarƙashi ne yake narkar da ita a hankali har haƙorin ya fara girgiɗa. Famfara tana somawa wajen shekara 6, amma turamen baya sai shekara 10 zuwa 12 suke tafiya. Ki lissafa, haƙorin da zai yi kusan shekara goma yaro yana tauna da shi, a ce a bar shi ya ruɓe? Kuma gadin wuri yake yi. In aka cire shi kafin lokaci, na kusa da shi sai su karkato su cinye filin, sabon ya rasa hanya ya fito a karkace ko ya hau kan wani. In kuma ruɓar ta tara mugunya a saiwa, tana iya taɓa sabon da ke kwance, ya fito da tabo tun ranar farko.

Don haka ki fara gogewa yanzu, safe da dare, da ƙaramin buroshi mai laushi da man goge baki mai fulorayid (sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa), gwargwadon ƙwayar shinkafa kawai. Na dare ya fi muhimmanci, saboda yawu yana raguwa in ana barci. Kada ki kwantar da shi da fida a baki, balle mai shayi ko lemo. Masu kawo alawa kuma ki karɓa ki gode, ki ajiye.

Akwai wata maganar da na san za ki ji daga maƙwabta. Da zarar yaro ya yi zawo ko zazzaɓi sai a ce haƙori ne. Haƙori yana sa ƙaiƙayin dasashi, da yawu, da rigima, jiki ma ya ɗan yi ɗumi. Zazzaɓi mai zafi da amai da gudawa ba aikinsa ba ne. Lokacin ne ya zo daidai da rarrafe da kai komai baki, ga kariyar da ya samo daga jikinki tana raguwa. Na ga yaran da maleriya ta galabaita ana zaune ana jiran haƙori ya fito. In ya yi zawo ki fara ba shi ruwan gishiri da sukari, ki ci gaba da nono, ki kai shi asibiti. Magungunan haƙori na kemis kuma ki bar su. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, wani maganin haƙori na ruwa da ya gurɓata da guba ya kashe yara fiye da 80 a ƙasar nan, sai da hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta bi kantuna tana kwashe shi. Ki wanke hannu ki murza masa dasashi da yatsa, ko ki ba shi tsabtataccen ƙyalle mai sanyi ya ciza.

Nan gaba in sababbin suka fito, za ki gan su manya, ba su kai na yarinta fari ba, bakinsu da 'yan tsage-tsage. Haka halittarsu take, kada ki dirje su da gawayi ko toka. In Allah ya kai shi shekara 6, ki riƙa buɗe bakinsa a hasken rana kina ƙirga turame. In kin ga na uku a bayan biyun da kika sani, wannan ne irin wanda yayanki ya rasa.

Ki turo mini hotonsa yana dariya in ga haƙoran. In Allah ya yarda bayan sallah zan zo, zan taho muku da kuka da daddawa. Ki gaishe da maigidanki da surukarki. Allah ya raya mana shi, ya yi miki albarka.

Ni ce,
Mamarki